Kwana bakwai daga Malumfashi zuwa ƙasar Konkomba

Takardar ta iso hannuna a ƙarshen Janairun 2014, daga ofishin aikin bishara na ikilisiyarmu da ke Jos. An tura ni arewacin Ghana, wani ƙauye a yankin Saboba, cikin ƙabilar Konkomba, in riƙe wata ƙaramar majami'a da ta shekara biyu babu mai koyarwa. Da na karanta wa Inna, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Gwanja ke nan za su kai ka?" Na ce mata kusa da can ne. A wurin tsofaffinmu, in an ce mutum ya tafi Gwanja, to ba a sa ran ganinsa a wannan shekarar. Can ne fatake ke kora jakuna su ɗauko goro a kasuwar Salaga, su share watanni suna tafe.

Ni Bahaushe ne Kirista. Kakana Bamaguje ne a ƙauyukan ƙasar Malumfashi, mahaifina ne ya fara karɓar bishara a gidanmu. Da Hausa na koyi addu'a, da Hausa na yi makarantar Littafi Mai Tsarki, da ita na yi wa'azi shekara shida. Ban taɓa kwana a garin da ba a jin maganata ba. Don haka ko da na ga sunan Ghana a takarda, hankalina bai tashi sosai ba. Na ce ai zango ko'ina akwai shi, Hausa za ta kai ni.

Hanyoyi biyu ne a gabana. Ko in gangara Legas, in bi bakin teku ta Kwatano da Lome zuwa Akra, sannan in sake haurowa arewa sama da kilomita 600 kafin in ga Tamale, ko kuma in bi ta sama: Maraɗi, Yamai, Wagadugu, in shiga Ghana ta Paga. Ta saman ma ta haura kilomita 1,800, amma ta fi kusa da mu, kuma kashin farko nata duk ƙasar Hausa ce. Ga shi an ba ni kwali biyu na Littafi Mai Tsarki da littattafan waƙoƙi, ɗaya na 'yan'uwa a Maraɗi, ɗaya nawa. Kuɗin jirgi kuwa ba a ma kawo zancensa ba.

Wata guda na yi ina haɗa takardu. Fasfo na ECOWAS, wanda ke ba ɗan yankin damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza har kwana 90. Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda duk wanda ya taɓa bin hanyar ya ce mini kada in kuskura in tashi babu shi. Wasiƙar ofis da Turanci, wadda wani ɗan'uwa malamin sakandare ya juya mini zuwa Faransanci. Wani dattijonmu da ya yi direban babbar mota a ƙuruciyarsa ya ce in yi wa kowace takarda hoto biyu, in raba kuɗina gida uku. Inna da kanta ta ɗinka mini aljihu a cikin wando, da zare baƙi, tana yi tana addu'a a hankali.

Ranar Lahadi, 9 ga Maris, aka keɓe ni. Fasto ya karanta inda Allah ya kira Ibrahim ya bar ƙasarsa da danginsa, dattawa suka ɗora mini hannu, Zumuntar Mata suka tashi da tukwanen kiɗansu da caki. Bayan sujada suka kawo nasu guzurin: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, ƙuli-ƙuli, da kuɗi a ƙulle a bakin zane, naira hamsin-hamsin da ɗari-ɗari da suka sha hannu. Maiɗakina da ɗiyarmu mai shekara biyu za su zauna tukuna, sai na sami ɗaki na ga yadda wurin yake. Wannan ne ya fi komai yi mini nauyi, har yau kuwa ban iya ba da labarinsa da tsawo ba.

Talata da asuba na tashi. Katsina kafin hantsi, daga nan wata tsohuwar Fijo mai zuwa Maraɗi ta Jibiya, mu tara a ciki ban da kaya. A Magama aka buga mini hatimin fita. A Ɗan Isa 'yan duwan, wato kwastan, suka sa aka sauke kwalayen. Wanda ya yanka igiyar ya zaro littafi ɗaya, ya juya shi, ya karanta bangon da ƙarfi, ya dube ni.

"Na saidawa ne?"

Na ce a'a, na majami'a ne.

"Kai Bahaushe, kuma fasto?"

Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Ya buɗe tsakiya, ya faɗa cikin Zabura, ya bi layi biyu da yatsa yana karantawa a hankali, irin karatun wanda ya saba da Faransanci. Sannan ya rufe, ya mayar da shi daidai inda ya ɗauko, ya zana alli a jikin kwalayen, ya ce, "Ku sauka lahiya." Na shiga mota ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka. Jim kaɗan muka wuce Danja, inda asibitin kutare na mishan yake tun shekarun 1950.

A Maraɗi na kwana biyu a gidan wani tsohon fasto. Abin da ya fara koya mini kuɗi ne, domin tun a daren farko mai shayi ya ce mini dala arba'in, na tsaya ina lalube ina neman sefa arba'in. Baba Fasto ya shimfiɗa tabarma, ya zube tsabobi da takardu a gabana kamar ɗan firamare. Dala ɗaya sefa biyar ce. Dala ashirin ita ce ɗari, dala ɗari ita ce ɗari biyar, jika kuwa dubu, wadda a lokacin take naira ɗari uku da wani abu. Duk abin da aka gaya maka da Hausa, ka ninka shi biyar kafin ka ga lambar da ke jikin kuɗin. Ya ce Zabarmawa da Mosawa ma haka suke ƙirga nasu, biyar-biyar, don haka in riƙe shi da kyau. Ya sa na canza rabin kuɗina zuwa ƙanana, ya ce babbar takarda a hanya ba ta da canji.

Da dare ya ba ni labarin yadda 'yan mishan na wata ƙungiya mai suna SIM suka fara zama a Damagaram a 1924, daga baya suka zo Tsibiri da Maraɗi. Ya ce a Nijar Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, don haka sun daɗe da koyon zama da maƙwabta. Na tambaye shi abin da ya fi damuna: in an ce mini ina za ni, me zan je yi, me zan ce? Ya ce, "Ɗana, kada ka ɓoye ko kai wane ne, kada kuma ka yi tallarsa a mota. Wanda ya tambaye ka, ka gaya masa gaskiya. Wanda bai tambaya ba, ka ba shi ruwa in yana jin ƙishi."

Alhamis ƙarfe huɗu na dare muna tasha. Manyan motocin Nijar suna da tsari: an auna kaya, an manna musu lamba, an kira sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ana idar da sallar asuba muka ɗauki hanyar Yamai, wajen kilomita 660. Gari ya waye mana bayan Tsibiri. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne itatuwa a cikin gonaki, gawo da kalgo da sabara, an sassabe su an bar musu reshe biyu ko uku. Baba Fasto ya riga ya gaya mini sunan abin, sassabin zamani, dabarar da wani ɗan mishan daga Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yaɗa tare da manoman Maraɗi tun farkon shekarun 1980. Ba dashe ake yi ba, kututturen da ke ƙasa ake bari ya tofo a raine shi. Na yi ta tunanin gonar mahaifina da muke ƙonewa ƙurmus kowace bazara.

A Madawa masu kilishi suka yanyame tagogi. A Galmi kuwa tun kafin mota ta tsaya warin albasa ya shigo. Lokacin girbi ne, buhuna jere a bakin kwalta sun fi mutum kauri, an ɗinke musu baki da hula, manyan motoci na lodi. A nan wani Alhaji ya shigo ya zauna kusa da ni, dogo, siriri, da farin gemu da 'yar jaka a hammata. Muka gaisa. Ya ce Kumasi za shi, motarsa ta albasa ta riga shi tafiya da kwana uku, zai je ya karɓi kuɗi. Ya ce ya fi shekara ashirin yana bin wannan hanya.

Mun ci abinci a Birnin Ƙonni. Da azahar ta yi, kusa da Dogon Dutsi, direba ya faka a gindin wasu itatuwa, kowa ya sauka da butarsa. Na koma gefe na zauna a kan wani dutse. Wata mata ta zo da jariri, ta dube ni, ta ga ba alwala nake ba, ba ta tambaye ni komai ba ta ɗora mini shi a cinya ta tafi. Yaron bai fi wata huɗu ba, an sa masa kwalli, da laya a wuya, ya kama babban yatsana ya riƙe gam. Na zauna ina kallon sahu, mutum wajen hamsin a kan yashi, ni kuma da ɗan mutane a hannu, na yi tawa addu'ar a zuci, na sa shi a ciki, na sa ɗiyata. Da uwar ta dawo ta ce, "Allah shi biya, Malam."

Da muka koma mota Alhaji ya ce, "Malam, na ga ba ka yi salla ba. Lahiya?" Na gaya masa. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe tun 1950, a nan aka yi wa uwargidansa aiki lokacin da haihuwa ta zo da gardama, ita da yaron duk suka rayu, yaron yanzu shi ke bin motar albasa. Ya ce, "Ku da mu akwai bambanci, ba na ɓoye maka. Amma daga nan har Tamale kai baƙona ne." Ban san nauyin wannan magana ba sai washegari.

Daga Dogon Dutsi zuwa Doso Hausa ta fara sirancewa. Masu talla a bakin hanya suka koma Zabarmanci, sai "fofo" nake iya tsinta. Wajen Kure yaron mota ya buga gilashi yana nuna mana raƙuman dawa biyu a tsaye cikin sabara. Mun shiga Yamai bayan la'asar. A tashar kamfanin muka kwana, a wani dogon ɗaki da aka shimfiɗa tabarmi, maza gefe mata gefe. Na yi matashi da jakata.

Juma'a kafin gari ya waye muka haye kogin Kwara, muka nufi Torodi da Makalondi. Daga Yamai zuwa Wagadugu ya ɗan haura kilomita 500, amma ba nisan ke cin lokaci ba, shingaye ne. Tsarin ɗaya ne a ko'ina. Mota ta tsaya, kowa ya sauka, wani mai kaki ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar takardu. A tafi da su cikin wata rumfa ko ɗan ɗaki. Ku tsaya a rana. A fara kiran sunaye. 'Yan ƙasa su karɓi nasu su wuce, baƙi kuma a kira su ciki ɗaya-ɗaya. Mota ta matsa gaba ta jira a ƙetaren shinge, ku taka ku same ta.

A ɗaya daga cikin shingayen ranar aka kira ni ciki. Mutumin ya riƙe katina na shawara da yatsu biyu, ya yi magana da Faransanci, ban gane ba. Ya maimaita da ƙarfi. Na miƙa masa wasiƙar da aka juya mini, bai ko kalle ta ba. Wani fasinja ya leƙo ya ce mini wai hatimin katin bai fito sosai ba, in ba da jika biyu. Hatimin nan ras yake, da kwanan wata da sa hannu. Na ce a gaya masa in akwai tara zan biya, a ba ni rasit. Ya jefa fasfona cikin aljihun tebur, ya kira na gaba.

Na fita na tsaya. Na sha yin wa'azi a kan cin hanci, na sha gaya wa matasa cewa mai bayarwa da mai karɓa duk ɗaya ne. Aka gama da kowa, saura ni. Direba ya fara danna oda. Rana ta take, mutum sittin a cikin mota, akwai tsofaffi, akwai wata da yaro mai zazzaɓi tana yi masa fifita da bakin mayafi. Minti ashirin, talatin. Yaron mota ya zo ya ce za su sauke mini kaya. Sai ga Alhaji ya sauko, ya ja ni gefe.

"Malam, na san abin da ke ranka. Amma dubi mutanen nan. Wanda ya tare hanya ya ƙwace, shi ke da alhaki. In ba ka iya miƙawa da hannunka, kawo in miƙa."

Ban ba shi ba. Na ga in laifi ne, bai kamata in ɗora wa wani ba. Na shiga na ajiye jika biyu a kan tebur, aka turo mini fasfo ba tare da an ɗaga kai ba. Na koma kujerata ban iya kallon kowa ba. Har yau ban gama da wannan abu a zuciyata ba. Wasu abokan aikina sun ce ƙwace ne, ba hanci ba. Wasu sun ce da na bari motar ta tafi, in kwana a nan, Allah zai buɗe hanya. Ni dai na san tun daga ranar ban ƙara yin wa'azi a kan wannan batu da irin muryar da nake yi a dā ba, domin na tsaya inda direbobi da 'yan kasuwa ke tsayawa kullum. Na kuma rubuta kuɗin a rahotona na ofis da sunan abin da ya faru, ban sa shi cikin kuɗin abinci ba.

Wannan hanya ta Makalondi da Kancari, da muka bi muna ƙorafin shingaye, yau ba ta biyuwa yadda muka bi ta. A Satumban 2018 'yan bindiga suka sace wani limamin Katolika ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, a Bomoanga kusa da Makalondi, sai a Oktoban 2020 aka sako shi a Mali. Ƙauyuka da yawa na Gurmawa sun watse, majami'u da makarantu sun rufe. Nijar da Burkina Faso kuma sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Duk wanda aka tura yanzu, ya tambayi direbobi da masu masaukinsa kafin ya zaɓi hanya, kada ya bi labarina.

Da muka shiga Burkina Alhaji ya ce in mayar da agogona baya da awa ɗaya. A Fadan Gurma muka tsaya, garin da sunansa ma na Hausa ne, amma na nemi ruwa da Hausa yarinyar ta tsaya tana kallona. Alhaji ya yi mata magana da Mosanci ta kawo. Ya koya mini kalma biyu: "lafi" in an gaishe ni, "barka" in zan yi godiya. Na ji daɗin jin su kamar na tsinci 'yan'uwa a kasuwa. Bayan Fada taya ta fashe, muka yi awa biyu a daji. Mun wuce Kupela da duhu, garin da limaman Katolika suka kafa mishan ɗinsu na farko a ƙasar a 1900. Su da ƙafa da doki suka zo, ni ga ni a kan kujera, amma duk gaɓoɓina ciwo suke.

Sha ɗaya ta wuce muka shiga Wagadugu. Lambar wayar da aka ba ni ta wani fasto ba ta shiga. Na tsaya a tasha da kwali da jaka, masu babura sun kewaye ni, kowa na magana, ba na jin ko ɗaya. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, irin wanda ban ji a shinge ba. Mutumin da sana'arsa magana ce, ga shi ko wurin kewayawa bai iya tambaya ba. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗauko kayanka."

Gidan mai masaukinsa ya kai ni, wani dattijo Bahaushe da aka haifa a can, dillalin albasa. Iyayensa a Zangwetin suka zauna, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar birni, kafin a rushe ta a 2003 a mayar da mutane bayan gari. A zaure Alhaji ya ce masa, "Wannan malamin Kirista ne daga ƙasar Katsina, baƙona ne." Dattijon ya ce, "Baƙonka baƙonmu." Aka kawo tuwo da miyar kuɓewa, muka sa hannu a kwano ɗaya mu uku. Aka ba ni tabarma da buta da sabon bargo. Da asuba na ji sun tashi, na tashi ni ma, na durƙusa a kan tabarmata su suna nasu a tsakar gida. Da zan tafi na zaro kuɗi, dattijon ya ɓata rai. Sai na kwance ƙullin Zumuntar Mata na ɗebi daddawa na aika wa matan gidan. Aka dawo mini da saƙo cewa sun shekara ba su ji ƙamshin ta gida irin wannan ba.

Asabar ta zo da sauƙi. Daga Wagadugu zuwa Po, sai Dakola, sai Paga, wajen kilomita 165. Da na ga allo da Turanci sai na ji numfashina ya dawo. Jami'ar shige da fice ta karanta wasiƙata daga sama har ƙasa, ta tambayi sunan wanda zai karɓe ni da garin, ta buga hatimi, ta ce kafin kwanakin su cika masu masaukina su nema mini takardar zama. Kuɗi ya sake rikita ni: tun 2007 Ghana ta cire sifili huɗu daga sidi, amma mai ruwa ta ce mini dubu biyu, ashe fesuwa ashirin take nufi. A Navrongo Alhaji ya nuna mini wajen da tsohuwar majami'ar Katolika ta ginin ƙasa take. Daga Wagadugu limaman suka gangaro nan a 1906, wato ta wannan hanya da muka biyo bishara ta shiga arewacin Ghana.

Bolgatanga, Walewale, sai Tamale da magariba. A nan muka rabu. Ya sauko ya tabbatar an fito mini da kwalina, ya tsaya har faston da zai karɓe ni ya iso a kan babur, ya gaishe shi, ya ce masa, "Ga amanarku." Ya rubuta mini lambarsa a bayan tikiti. Ya ce, "Malam, ka sa mu a addu'a, mu ma za mu sa ka." Motar Kumasi ta ja, na tsaya ina kallonta har ta sha kwana. Sunansa na farko kawai na sani. Mun yi waya sau uku a shekarar, daga baya lambar ta daina shiga.

Lahadi na yi sujada a Tamale, da Dagbanci da Turanci. Na koyi cewa in an ce "dasiba" da safe, sai ka ɗan rusuna ka ce "naa". A bakin titi na ga abincinmu da sunayenmu sun riga ni zuwa: koko da ƙosai, wake da shinkafa da suke kira wace, da tuwon zafi. A zango na ji Hausar Ghana, wadda ba ta raba mace da namiji, "yarinya ya zo", na kuma gane fataken da Inna ke faɗa ba goro kaɗai suka yi ta ɗauka ba, sun bar abubuwa da yawa a baya. Zuciyata ta sake gaya mini cewa Hausa za ta wadatar.

Litinin muka kama hanyar Yendi, kusan kilomita 100 a kan kwalta. Daga Yendi zuwa Saboba jar ƙasa ce, motar ta cika da mata da buhuna da awaki a sama, ƙura ta mayar da mu duka kala ɗaya. A Saboba wani saurayi ya ɗaure kwalina a bayan babur, na hau, muka bi wata siririyar hanya ta cikin gonakin doya da aka tara wa kunya manya-manya, ga kaɗanya da ɗorawa ko'ina, kogin Oti na can gabas, bayansa Togo. Tun daga Maraɗi nake shirya jawabin da zan yi in na isa, na tsara shi tsaf, da gaisuwar ikilisiyarmu da ayar da zan karanta.

Mutum wajen talatin suka tarbe ni a gindin bishiya, kusa da wata majami'ar ƙasa mai rufin kwano. Aka ba ni kujera, wata tsohuwa ta durƙusa ta miƙo mini ruwa a ƙwarya. Na sha, na buɗe baki na yi gaisuwa da Hausa. Suka yi murmushi, suka dubi juna. A duk taron, dattijo ɗaya ne da ya taɓa aikin ƙodago a Kumasi ya iya ce mini "sannu da zuwa", daga nan tasa ta ƙare. Aka nemo wani yaro ɗan makaranta mai ɗan Turanci. Jawabina ya koma jimla uku: sunana, inda na fito, na gode. Sauran yammacin na zauna ne kawai, suna ta magana a kaina, suna dariya, suna nuna ɗakin da suka yi mini sabon yaɓe, ni kuwa ina gyaɗa kai.

Da dare yaron ya kai ni wani tudu inda waya ke kamawa. Maiɗakina ta ɗauka tun bugu na farko, muka yi magana, ɗiyata ta yi barci. Sannan ta miƙa wa Inna.

"Ka isa?"

"Na isa, Inna."

"Suna jin Hausa?"

"Ba sa ji."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, kai sai ka ji tasu. Ka ci abinci?"

Na ce na ci sakwara. Washegari da sassafe yaron ya zo da tsohon littafinsa na rubutu da guntun fensir, muka zauna a gindin ɗorawa, muka fara da gaisuwar safe.